Yadda Ake Rage Tsaki-tsaki a Hoton Blender da Gajarta Lokacin Fitar da Shi

Tun da na fara nuna wa matasa masu zanen gine-gine a nan Yamai hotunan ɗakunan da nake haɗawa a kwamfuta, tambaya guda ce take ta dawo mini: me ya sa nasu hoton yake fitowa da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi, kuma me ya sa sai kwamfuta ta kwana tana gurnani kafin ta ba da hoto ɗaya? Kusan duk wanda ya zo da wannan tambaya ya riga ya gwada magani guda, wato ƙara yawan samfur (sau nawa kwamfuta take lissafa haske a kowane ɗigon hoto), alhali kuwa shi ne magani mafi tsada. Lissafinsa a fili yake: kafin tsaki-tsaki ya ragu da rabi sai an ninka samfur sau huɗu. Daga 256 sai 1024, daga 1024 sai 4096, kuma lokacin jira yana ninkuwa tare da shi. A garin da wuta take iya ɗaukewa ana tsakar aiki, wannan ba hanya ba ce. Samfur shi ne abin da ake taɓawa kusa da ƙarshe, bayan an gyara na'ura da haske, kuma a kan wannan jeri na tsara matakan da ke tafe.

Duk bayanin ya shafi Blender, manhajar haɗa hotunan 3D, da injinsa na fitar da hoto mai suna Cycles, daga fitowa ta 3.0 ta ƙarshen shekarar 2021 zuwa sama. Na rubuta sunayen maɓallai yadda suke a fuskar manhajar da Turanci. Idan taka da Faransanci take, ka shiga Edit, sai Preferences, sai Interface, ka mayar da harshen zuwa Turanci har ka gama, domin sunayen su dace da abin da kake karantawa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Blender kyauta ne, kuma matacin hoton da za mu yi amfani da shi wajen share tsaki-tsaki yana cikinsa, saboda haka abin da za ka kashe a kan manhaja bai wuce kuɗin intanet na sauke ƴan ɗaruruwan megabait ba. Kana buƙatar kwamfuta, wadda ta fi dacewa kuwa ita ce mai katin hoto na daban (GPU, sashen da ke sarrafa hoto), da ondila (batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke) idan ta tebur ce, da abin hure ƙura, da littafi da biro na rubuta sakamakon gwaji. Kuɗin da ba a cika lura da shi ba shi ne na wuta. Kwamfutar da take jan wat 400, idan ta yi awa 10 tana aiki, ta sha kilowat-awa 4. Mu ƙaddara sefa 100 ne kowane kilowat-awa, don sauƙin lissafi kawai, kai kuma ka sa ainihin farashin da ke kan takardar wutarka: aikin awa 50 zai ci jika biyu, ban da na'urar sanyaya ɗaki, wadda sau da yawa ta fi kwamfutar jan wuta. Wanda yake aiki da janareta kuwa ya san kowace awa da kuɗin man da za ta ci.

1. Auna kafin ka taɓa komai

Ka ajiye fayil ɗin da sabon suna, domin na asali ya zauna yadda yake. A shafin Output ka rage girman hoto zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wannan yana mayar da yawan fiksel kashi ɗaya cikin huɗu, saboda an rage tsawo da faɗi a tare. Daga nan ka duba ta idon kamara, ka danna Ctrl da B, ka ja murabba'i a kan wurin da ya fi duhu da tsaki-tsaki, kamar ƙarƙashin tebur ko kusurwar da ke nesa da taga. Ka danna F12, ka rubuta lokacin da ya bayyana a saman tagar hoto. Tagar tana da gurabe da ake kira Slot. Ka riƙa canza gurbi kafin kowane gwaji, sannan maɓallin J zai riƙa juya maka tsakanin sabon hoto da na baya, ka ga bambanci da idonka.

Hattara: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, hoto ya gyaru ko ya lalace, ba zai san wanne ne ya jawo ba. Kuma kafin fitarwa ta ƙarshe a tuna da cire murabba'in nan ta danna Ctrl da Alt da B, a kuma mayar da girman hoto 100.

2. Miƙa aikin ga katin hoto

Mutane da yawa suna da kati mai ƙarfi, amma Blender bai taɓa amfani da shi ba, domin ba a umurce shi ba. Wurare biyu ake saitawa. Na farko yana cikin Preferences, a sashen System, inda za ka zaɓi OptiX idan katinka na NVIDIA ne jerin RTX, ko CUDA idan tsohon GTX ne, ko HIP ga katin AMD, ko oneAPI ga Intel Arc, ko Metal ga kwamfutocin Apple, sannan ka sa alama a kan sunan katin. Na biyu yana shafin Render, inda za ka mayar da Device zuwa GPU Compute. Idan ka yi ɗaya ka bar ɗaya, furosesa ce za ta ci gaba da ɗaukar nauyin ita kaɗai.

Hattara: sa alama a kan furosesa da kati gaba ɗaya ba lalle ya ƙara sauri ba, a kan katin RTX ma yakan rage shi, don haka a gwada a gani. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma dole ta kasance a jone da wuta, saboda a kan batir tana rage wa katin ƙarfi da kanta. Idan ka ci karo da tsohuwar shawarar nan ta ƙanƙanta Tiles zuwa 256 ko 32, ka wuce ta. Ta yi aiki kafin 3.0, yanzu kuwa a bar shi a 2048 yadda ya zo.

3. Gyara haske

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe. Cycles yana harba haskoki daga kamara zuwa cikin fili, wato wurin da ka haɗa, suna tsalle daga wannan bango zuwa wancan suna neman tushen haske. Idan tushen yana da wuyar samu, wasu fiksel su dace da shi wasu su rasa, bambancin da ke tsakaninsu shi ne tsaki-tsakin da kake gani. Ke nan duk abin da ya sauƙaƙa wa haskoki samun fitila ya rage tsaki-tsaki ba tare da an ƙara samfur ko ɗaya ba.

Na taɓa haɗa falon wani gida da ake shirin ginawa a Yantala: taga biyu ƙanana kamar yadda muke yi saboda zafin rana, tayil mai sheƙi a ƙasa, tebur na gilashi a tsakiya, da fitilu shida a rufi, kowace a cikin murfin gilashi. Na kai samfur 4096, hoton ya ci fiye da awa ɗaya, amma bangon da ke fuskantar taga yana nan kamar fatar ƙadangare. Abubuwa uku na gyara, kuma su ne nake ba kowa shawara ya fara dubawa.

Na farko, gilashin taga. Hasken rana da zai ratsa gilashi kafin ya shiga ɗaki yana daga cikin mafi wuyar lissafi ga Cycles. Idan gilashin ba ya fitowa a idon kamara, ka goge shi. Idan yana fitowa, ka zaɓe shi, ka shiga shafin Object, sashen Visibility, ƙarƙashin Ray Visibility ka cire alamar Shadow. Gilashin zai ci gaba da ƙyalli, amma ba zai tare haske ba. Haka za ka yi wa murfin kowace fitila.

Na biyu, ƙofar haske. Idan ɗakin yana samun haskensa daga sararin sama ta taga, ka sa fitila nau'in Area daidai girman tagar, a bakinta, fuskarta na kallon cikin ɗaki, sannan ka sa alamar Portal. Fitilar ba ta ba da haske da kanta. Aikinta shi ne ta nuna wa haskoki inda tagar take.

Hattara: idan ka juya ta tana kallon waje, ba ta da amfani, kuma hasken sararin sama kaɗai take taimaka wa, ban da fitilar Sun.

Na uku, ƙananan abubuwa masu tsananin haske. Ƙaramin ƙwan fitila da aka ba Emission mai ƙarfi, aka kuma ɓoye shi a cikin kwano, shi ne yakan haifar da fararen ɗigo masu ƙyalli a bango. Gara ka rage wa ƙwan ƙarfi ya zama na gani kawai, ka sa fitilar Point ko Area a ƙasansa ta yi ainihin haskawa, ka ɗan faɗaɗa ta. Idan fitilu suna da yawa a fili, ka tabbata Light Tree yana kunne a sashen Sampling. Ya shigo ne a fitowa ta 3.5. A falon nan, bayan gyaran nan uku, samfur 512 ya ba ni bango mai tsabta fiye da abin da 4096 ya bayar.

4. Taƙaita tsallen haske

A shafin Render akwai sashen Light Paths. Yadda ya zo, Total yana 12, Diffuse 4, Glossy 4, Transmission 12, Transparent 8. Ga hoton waje, kamar fuskar gida da rana tsaka, Diffuse 2 yakan wadatar. Ga cikin ɗaki kuwa ka bar shi a 4, domin tsallen haske daga bango zuwa bango shi ne yake haskaka kusurwoyi, kuma idan ka rage shi ɗakin zai yi duhu. Glossy 2 ko 3 ya isa, sai fa idan akwai madubai masu kallon juna.

Hattara da Transmission da Transparent. Kofin shayi guda na gilashi yana da fuska huɗu da haske zai ratsa, don haka idan kofuna biyu suka jeru a idon kamara kuma ka rage Transmission zuwa 4, na bayan zai yi baƙi. Haka ganyen bishiya da aka yi da hoto mai huji yake yin baƙi-baƙi idan Transparent ya yi kaɗan.

A ƙasan wannan akwai Caustics, wato ƙyallin da gilashi ko ƙarfe yake jefawa a bango. Ka cire alamar Reflective da Refractive idan ba wannan ƙyallin ne abin nunawa ba. Sai dai kada ka yi haka kafin ka gyara gilashin taga kamar yadda ya gabata a mataki na 3, in ba haka ba gilashin zai tare rana gaba ɗaya, ɗaki ya koma kamar dare. Idan har yanzu fararen ɗigo suna nan, ka je Clamping, ka sauko da Indirect Light daga 10 zuwa 5, ko 3 idan ta kama. Direct Light a bar shi a sifiri, domin taɓa shi yana dusar da fitilu da ƙyallin rana.

5. Rage wa katin kaya

Lulluɓin hoto (Texture, hoton da ake lulluɓe jikin abu da shi) mai girman 4096 a 4096 yana iya cin megabait 64 na ƙwaƙwalwar kati, abu guda kuma yakan zo da irinsa uku ko huɗu. Kati mai gigabait 4 ko 6 ba ya jimawa yake cika, daga nan ko dai aiki ya yi ta jan ƙafa ko kuma ya tsaya da saƙon cewa ƙwaƙwalwa ta ƙare. Ka kunna Simplify, a ɓangaren Render ka sa Texture Limit a 2048, Max Subdivision kuma a 2. Kujeru iri ɗaya a kwafe su da Alt da D a maimakon Shift da D, domin su yi tarayya a jiki guda. Abin da yake bayan kamara kuma ba ya jefa inuwa ko bayyana a madubi, a kashe shi.

6. Yanzu sai samfur

A sashen Sampling, ƙarƙashin Render, Max Samples yana zuwa a 4096, Noise Threshold kuma a 0.01. Na biyun shi ne mai muhimmanci: da zarar wani yanki na hoto ya kai wannan tsabta, Cycles yana barinsa ya mai da ƙarfinsa inda ake da saura. Ƙaramar lamba tana nufin tsabta da jira mai tsawo. Ga hoton da za a nuna a waya ko a tura ta WhatsApp, nakan sa 0.05 da Max Samples 256. Ga wanda za a buga a babban allo, nakan sa 0.02 da 1024. Ka fara daga ƙasa, ka riƙa ninkawa, ka tsaya a inda ninkawa ta daina nuna bambanci a gwajin J. Akwai kuma Time Limit, wanda yake tsayar da aiki bayan daƙiƙun da ka ƙayyade. Yana da amfani idan mai aiki yana zaune a gefenka yana jira.

7. Tace abin da ya rage

A ƙasan samfur akwai Denoise. Ka zaɓi OpenImageDenoise, matacin da kamfanin Intel ya samar, wanda ya shigo Blender tun fitowa ta 2.81 a 2019. Ka sa Passes a Albedo and Normal, Prefilter kuma a Accurate. Da haka matacin yake sanin asalin launin abu da inda fuskarsa take kallo, sai ya bambance ado da tsaki-tsaki. Daga fitowa ta 4.1 ana iya sa alamar Use GPU domin tacewar ta yi sauri. Matacin OptiX ya fi sauri, kuma ya dace da dubawa yayin aiki, amma ga hoton ƙarshe na fi amincewa da na Intel.

Hattara, domin a nan mutane suke faɗawa rami na biyu bayan sun fita daga na farko. Mataci yana hasashe ne, kuma abin da samfur bai kawo ba ba zai ƙirƙiro shi daidai ba. A falon Yantala na shimfiɗa tabarmar kaba a gefe, na ɗora tintimin fata mai zanen ja da kore irin na dukawanmu. Da na gwada samfur 32 da mataci, daga nesa hoton ya yi kyau ƙwarai, amma da na matso da shi sai na ga saƙar tabarmar da ke cikin inuwar kujera ta narke kamar an shafa mata man shanu, ɗinkin tintimin kuma ya zama tabo-tabo. Saboda haka bayan kowace tacewa ka matso da hoto zuwa ainihin girmansa, ka duba saƙa, da gashi, da rubutu, da duk abin da ake gani ta cikin gilashi ko madubi. Idan sun narke, ka ninka samfur sau ɗaya ka sake dubawa.

Kuma ka tuna hoton da F12 ya fitar ba ya ajiye kansa. Ka shiga Image, sai Save As, tun kafin ka kira kowa ya zo ya gani.

8. Zafi da ƙura

Duk saitin da ya gabata ba zai hana kwamfuta rage gudu ba idan ta yi zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40 da rana, katin hoto kuma idan ya haura digiri 80 da wani abu yakan sassauta wa kansa don kada ya lalace. A Windows za ka ga zafin katin a Task Manager, sashen Performance. Alamar matsalar ita ce firam na farko (hoton farko a jerin hotunan bidiyo) ya fito da sauri, na ashirin kuma ya ɗauki lokaci fiye da shi alhali fili bai canza ba. Ka ɗaga kwamfuta daga ƙasa, kada ka ɗora ta tafi-da-gidanka a kan katifa ko darduma, ka tsara dogon aiki ya fara bayan sallar isha'i. Bayan hunturu, da kuma bayan iskar ƙurar da take gabatar da ruwan farko, ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka buɗe ka hure.

Hattara: ka danne fanka da yatsa yayin hurewa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kuma kada ka rufe kwamfuta da zane don gudun ƙura tana cikin aiki.

9. Idan bidiyo ne

Bidiyon daƙiƙa 30 a firam 25 kowace daƙiƙa firam 750 ne. Idan kowanne ya ci minti 4, awa 50 ke nan. Idan ka sauko da shi zuwa minti 1, awa 12 da rabi, wato kusan dare guda. Ka yi wannan lissafi kafin ka yi wa mai aiki alkawarin rana. A sashen Performance ka kunna Persistent Data, domin kada a sake gina filin daga farko a kowane firam, amma ka sani yana ƙara cin ƙwaƙwalwa. A Sampling, ƙarƙashin Advanced, ka danna alamar agogo da ke gefen Seed, domin tsaki-tsakin da ya rage ya riƙa sauyawa daga firam zuwa firam, kada ya tsaya wuri guda kamar datti a gilashin kamara. Bidiyo yana buƙatar samfur fiye da hoto guda, saboda mataci yana tace kowane firam shi kaɗai, kuma idan samfur ya yi kaɗan bango zai riƙa rawa kamar ruwa. Ka fitar da firam 20 a jere ka kalle su kafin ka saki sauran.

Hattara mafi girma: kada ka fitar kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo. Na yi wannan kuskure sau ɗaya, wuta ta ɗauke da asuba saura firam kaɗan, ondila ta yi ƙara na ƴan mintoci ta mutu ina barci, na tashi na tarar da fayil ɗin da ba ya buɗuwa. Ƙaramar ondila ta ba ka damar kashe kwamfuta cikin tsari ce kawai, ba ta riƙe aikin dare. A shafin Output ka zaɓi PNG, ka buɗe wa aikin jakarsa ta daban a maimakon tmp da manhajar take zaɓa da kanta, sannan ka cire alamar Overwrite. Idan wuta ta dawo, ka buɗe jakar, ka goge firam na ƙarshe domin mai yiwuwa bai gama rubutuwa ba, ka danna Ctrl da F12. Blender zai tsallake waɗanda suke nan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da wannan tsari ana iya raba aiki tsakanin kwamfuta biyu, ɗaya ta ɗauki firam 1 zuwa 375 ɗaya ta ɗauki sauran, muddin an shiga File, sai External Data, an danna Pack Resources kafin a kwafi fayil ɗin, kuma fitowar Blender iri ɗaya ce a kansu duka.

Bayan firam sun cika, ka buɗe sabon fayil na Video Editing, ka danna Add, sai Image/Sequence, ka zaɓe su gaba ɗaya, ka daidaita firam 25 a daƙiƙa kamar yadda ka tsara tun farko, ka zaɓi fitarwa ta bidiyo da kwantena MPEG-4 da H.264. Wannan haɗawa ƴan mintoci take ɗauka, kuma jakar PNG ɗin ka adana ta har sai mai aiki ya karɓa ya biya, domin idan ya nemi a gyara daƙiƙa biyu a tsakiya, firam 50 kawai za ka sake fitarwa.